Sixteen Tons: waƙar mahaƙa kwal da bashin kantin kamfani

Sixteen Tons, wato "tan 16" na kwal da mahaƙi ke lodawa, waƙa ce ta kiɗan kantiri, salon waƙoƙin mutanen karkarar kudancin Amurka. Merle Travis ne ya tsara ta, ya kuma fara ɗaukarta a faifai a 1946, amma ba ta zagaye duniya ba sai a 1955 da muryar Tennessee Ernie Ford. Ana lissafa ta cikin manyan waƙoƙin ma'aikata na ƙarni na 20. Jigonta shi ne mutumin da ƙarfinsa ya kai inda ya kai, amma kullum gari ya waye sai ya tarar bashin da ke kansa ya ƙaru.

An haifi Travis a 1917 a Rosewood, cikin gundumar Muhlenberg ta yammacin jihar Kentucky, ƙasar da arzikinta ke ƙarƙashin ƙasa. Mahaifinsa a mahaƙar kwal ya yi aiki. Shi Travis dai jita ce ta fitar da shi daga layin. Ya koyi kiɗi wurin Mose Rager da Ike Everly, waɗanda su ma sun san rami, kuma salon nasu yana komawa ne ga wani makaɗi baƙar fata mai suna Arnold Shultz. Babban yatsa yana riƙe da amon ƙasa, manuni yana fitar da karin waƙa, har mai sauraro ya ɗauka mutum biyu ne ke kaɗawa. Yau da sunan Travis ake kiran wannan salo.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin faya-fayan waƙa na Capitol ya nemi ya yi masa kundin waƙoƙin gargajiya. Travis ya haɗa tsofaffi da wasu sababbi da ya rubuta daga abin da ya taso yana ji a gida. Kundin ya fito a 1947 da sunan Folk Songs of the Hills, bai kuma yi wata kasuwa ba. A ciki akwai Sixteen Tons, da 'yar'uwarta Dark as a Dungeon, wadda Johnny Cash ya rera wa fursunonin gidan yarin Folsom a 1968.

Ba a gane waƙar sai an san yadda garin kwal yake. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, yawancin mahaƙun Kentucky da West Virginia suna cikin lungunan duwatsu ne, nesa da kowace kasuwa. Kamfanin da ya mallaki ramin shi ne ya gina gidajen, shi ne mai kanti, sau da yawa likita ma nasa ne. Mai loda kwal ba albashin yini ake ba shi ba, gwargwadon nauyin abin da ya loda ake biyansa, kuma ma'aunin yana hannun kamfani. In aka ce akwai dutse a cikin kwal ɗinsa, a rage. Kafin kuɗi su iso hannunsa an cire na haya, na likita, har da na albarushin da yake fasa dutse da shi. In abinci ya ƙare kafin ranar biya, sai ya karɓi wasu kwabbai ko takardu da kamfanin ya buga da sunansa, waɗanda ba sa ciyuwa ko'ina sai a kantin kamfanin, inda farashi ya fi na waje. Haka mutum zai yi mako biyu a durƙushe cikin duhu, shebur a hannu, ruwa na ɗiga masa a baya, ranar biya kuma a miƙo masa takardar da ke nuna shi ake bi. Mai bashi kuwa ba ya iya kwashe iyali ya tafi, domin gidan da yake kwana ma ba nasa ba ne.

Wannan ne ke bayan sanannen amshin waƙar, inda mawaƙin ke roƙon Waliyyi Bitrus, wanda a al'adar Kiristoci ake siffanta shi a matsayin mai tsaron ƙofar aljanna, da kada ya kira shi yanzu, don kantin kamfani na bin sa ransa. Travis ya ce daga bakin mahaifinsa ya ji wannan magana, cewa ko mutuwa ba shi da halin yi. Batun ƙarin kwana da ƙarin bashi da ke cikin amshin kuma ya fito ne daga wata wasiƙa da ɗan'uwansa John ya rubuto masa. Har kwal mai lamba 9 da waƙar ta ambata ba ƙirƙira ba ne: sunan wani shimfiɗin kwal ne da ake haƙa a yammacin Kentucky.

Abin da ya ba waƙar ƙarfi shi ne saɓanin da ke tsakanin baitoci da amshi. Baitocin kirari ne zalla: mutum yana yabon ƙarfin damtsensa, yana gargaɗin kowa ya kauce masa a hanya. Sai amshi ya zo ya tube shi. Da waƙar kuka ce daga farko har ƙarshe, da ba ta taɓa zuciya haka ba.

Ford, ɗan garin Bristol na jihar Tennessee, yana da shiri a talabijin a lokacin, a nan ya fara rera ta. Da aka shiga ɗaukarta a 1955, yana ƙyasta yatsu don ba makaɗa sauri, aka bar ƙarar yatsun a cikin faifan, tare da busar kilarinet, abin da ba a saba ji a kantiri ba. An yi nufin ta zama waƙar bayan faifai ce kawai, amma masu gidajen rediyo suka juya faifan. Cikin 'yan makonni ya wuce kwafi miliyan ɗaya. Ta yi makonni 10 a saman jadawalin kantiri na mujallar Billboard, ta hau saman jadawalin waƙoƙin gama-gari, a farkon 1956 kuma ta yi na ɗaya a Ingila. A lokacin tsarin kuɗin kamfani ya riga ya kama hanyar mutuwa, saboda ƙarfin ƙungiyar ƙwadago da dokokin shekarun 1930 da kuma motoci da suka kai mutane kasuwannin waje. Da yawa daga masu sayen faifan ba su taɓa ganin bakin rami ba, amma sun san biyan bashi wata-wata.

Wani tsohon mahaƙi ɗan Kentucky, George S. Davis, ya yi iƙirarin cewa shi ya fara tsara ta tun shekarun 1930, ya kuma ɗauki tasa a shekarun 1960. Haƙƙin mallaka dai yana kan sunan Travis. Mawaƙa masu yawa sun sake rera ta, ciki har da ƙungiyar The Platters da Johnny Cash. A 2015 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya faifan Ford cikin rajistar sautukan da ƙasar ke adanawa. Travis ya rasu a 1983 a Oklahoma, akwai kuma dutsen tunawa da shi a Ebenezer, cikin gundumar Muhlenberg inda ya taso.