Ku daina bar wa mai shagon intanet rajistarku

Abin da nake ta gani a asibitocinmu na ƙananan hukumomin Zamfara, daga Tsafe zuwa Talata Mafara har Anka, ya ishe ni. Ma'aikaciyar lafiya za ta kawo takardunta don ƙarin girma, a duba a ga lasisinta ya daɗe da ƙarewa. Ka tambaye ta, ta ce hukumar da ke ba da lasisin ba ta sanar da ita ba. To buɗe mana shafinki na hukumar mu gani. Sai ta ce ba ta san lambar sirri ba, wani yaro ne a shagon intanet ya yi mata rajista tun tana makaranta. Imel ɗin wa ya sa? Nasa. Lambar waya fa? Tasa. Yaron kuma ya rufe shago, ba wanda ya san inda ya nufa.

Haba ƙannena! Shekara uku kuna karatun dare, iyaye sun sayar da hatsi da awaki sun biya, sannan ku miƙa makullin aikin gaba ɗaya ga wanda ko sunan mahaifinsa ba ku sani ba?

Hukumar Ma'aikatan Jinya da Unguwarzoma, NMCN, a Abuja take. Haka ma hukumar rajistar ma'aikatan lafiya na al'umma, CHPRBN, wadda aka kafa a 1992 don kula da su CHO da CHEW da JCHEW, wato matakan waɗannan ma'aikata. Ba za su biyo ku ɗakin haihuwa a Bukkuyum su taɓa kafaɗarku ba. Ta shafinsu na intanet suke magana, da takardar sanarwa mai sa hannun magatakarda, da adireshin da kuka rubuta musu ranar rajista. In adireshin na wani ne, to da wani suke magana. Lasisin ma'aikacin jinya duk shekara uku ake sabunta shi, kuma sai an nuna shaidar kwas ɗin ƙarin ilimi na dole, wato MCPDP. Likitoci kuwa duk shekara suke sabunta nasu a hukumar MDCN. Ranar da wani abu ya faru da majinyaci a hannunki, Allah Ya kiyaye, abin da za a fara tambaya shi ne lasisi, ba ƙwarewarki wajen sa ruwa ba.

Ku tuna Fabrairun 2024, lokacin da NMCN ta fitar da sabbin ƙa'idojin tantance takardu ga masu son aiki a ƙasashen waje, ta ce daga 1 ga Maris sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin ya nema. An yi ta ce-ce-ku-ce, har da zanga-zanga a Abuja da Legas. Ko ka goyi bayan matakin ko ba ka goya ba, abin da ya dame ni shi ne yawancin waɗanda na ji suna gardama a kai ba su karanta takardar ba. Saƙon murya suka saurara a WhatsApp, wanda ya bi ta baki biyar kafin ya iso.

Ta wannan ƙofar 'yan damfara ke shigowa. A turo wa rukuni saƙo da tambarin hukuma, wai a tura kuɗin sabuntawa zuwa asusu kaza kafin Juma'a. Tun 2015 kuɗin hukumomin tarayya asusun bai-ɗaya na gwamnati suke shiga, ta lambar biya da ake kira RRR. Asusu mai sunan mutum ba na hukuma ba ne, ko da tambari goma aka manna.

Na san halin da muke ciki a Zamfara, ba daga sama nake magana ba. A Satumban 2021 an katse mana layukan waya makonni. Wasu an ƙwace musu wayoyi a hanya, wasu sun baro garuruwansu ba shiri. Allah Ya kawo mana sauƙi. Amma layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sayar wa wani, kuma saƙonku na can yana shiga wayar baƙo. Kun sabunta lamba a banki saboda albashi, me ya hana ku sabunta a hukumar da ta ba ku izinin cin albashin?

Ku je shagon intanet ɗin, ban hana ba, ba kowa ke da kwamfuta ba. Sai dai:

Ku buɗe imel da sunanku, ku sa lambar da ke hannunku.
Lambar sirri ku buga ta da kanku, ku rubuta ta a bayan fayil ɗinku na gida.
Yau ɗin nan ku ɗauko lasisi ku duba ranar ƙarewarsa.
Duk sanarwar da aka turo, ku nemo ta a shafin hukumar kafin ku biya ko sisi.
Wanda rajistarsa ta riga ta maƙale a hannun wani, ya rubuta wa hukumarsa neman canjin imel, ya bi ta ofishin shugaban sashensa a ma'aikatar lafiya da ke Gusau.

Ku kuma shugabannin asibitoci, ku buga kowace sanarwa a takarda ku manna kusa da jadawalin aiki, inda masu aikin dare za su gani.