Tsarkin Rayuwa a Gidan Kirista

Tsarki, a koyarwar Kirista, shi ne keɓewa domin Allah. Bahaushe in ya ji kalmar, buta da ruwa yake fara tunawa, amma a Littafi Mai Tsarki tana nufin abin da aka ware ya zama na Ubangiji: rana, wuri, kaya ko mutum. Littafin Firistoci 19:2 ya umarci jama'a su zama tsarkaka domin Allahnsu mai tsarki ne, manzo Bitrus kuma ya maimaita umarnin a 1 Bitrus 1:15-16, ya ce a yi haka cikin dukan al'amuran rayuwa. Daga nan ikilisiyoyi suka ɗauki cewa gida ma wurin tsarki ne kamar majami'a. Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron shugabannin Katolika, a 1964, ta kira iyali ikilisiyar cikin gida, kuma ikilisiyoyi irin su ECWA, COCIN, EYN da Angilikan suna koyar da haka da nasu kalmomin.

Sujadar iyali

Sujadar iyali ita ce taruwar mutanen gida domin karatun Littafi da addu'a. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Angilikan na CMS yake cikin waɗanda suka yi shi. Tun daga lokacin, maigidan da ya iya karatu yana iya buɗe Littafin a tsakar gidansa ba sai mai bishara ya zo ba. Nassin da ake kafa hujja da shi shi ne Maimaitawar Shari'a 6:6-7, inda aka ce iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune, da tafe, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi.

Yawanci ana yin ta da asuba kafin a watse zuwa gona, kasuwa da makaranta, ko da dare bayan tuwo. A fara da waƙa ɗaya, a karanta ayoyi goma zuwa goma sha biyar, a yi ɗan bayani, a tambayi yara abin da suka ji, sannan a yi addu'a a rufe da Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa. Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. Gidajen Katolika sukan ƙara addu'ar rosari, wadda ake yi da carbi. Wanda ya rasa inda zai fara, littafin Karin Magana sura 31 ne, ya yi daidai da kwanakin wata. Sabon Alkawari kuwa sura 260 ne: sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, an kammala cikin shekara. Ga ƙananan yara Bisharar Markus ta fi sauƙi, sura 16 ce kawai kuma labari ne a jere.

Abin da ya fi kashe sujadar iyali shi ne tsawo. Uba ya mai da ita wa'azin awa guda, yara su yi ta gyangyaɗi, bayan mako biyu kowa ya fara neman dalilin zamewa. Na biyu, kuma ya fi muni, shi ne mai da ita kotu: a zaɓi ayar da za a soki uwargida da ita, ko a tona laifin yaro cikin addu'a a gaban ƙannensa. Yaron da aka yi wa haka yakan girma yana haɗa Littafi da kunya, Afisawa 6:4 kuwa ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. A yi faɗa dabam, a yi sujada dabam. Yana da kyau karatu da addu'a su zagaya, har da 'yar riƙo da mai aikin gida. In maigida ya yi tafiya uwargida ta jagoranta, kada a ɗaga.

Kuɗi da sana'a

A nan ake gane ko abin da aka karanta da asuba ya shiga. Iyalai da yawa suna ware ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma, tun kafin a taɓa albashi ko a zuba hatsi a rumbu: manomin da ya samu buhu ashirin ya fitar da biyu. Amma ushiri ba ya wanke kuɗin da aka samu da mudu mai ɗagaggen gindi, domin Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji, Yakubu 5:4 kuma ta ce ladan 'yan ƙwadago da aka danne yana kuka. Haka nan ba a hana tsofaffin iyaye abinci da magani da sunan baikon da ake yi wa Allah. Yesu ya tsawata wa masu yin haka a Markus 7:9-13. Ɓoye wa juna albashi, adashi ko bashi tsakanin miji da mata yana cikin abubuwan da ke yawan kai ma'aurata gaban dattawan ikilisiya.

Aure

Matakan sanannu ne. Iyayen ɓangarori biyu su amince, a sanar da fasto, a yi gwajin jini, musamman na sikila da na cuta mai karya garkuwar jiki, a zauna ajin shawarar aure, sannan a yi sanarwa a majami'a, galibi Lahadi uku a jere, domin mai ƙorafi ya fito. In za a yi rajista a ƙarƙashin dokar aure ta Najeriya, sanarwar takan yi kwana 21 kafin a ba da takardar izini. Inda aka tsaurara sadaki da kayan biki, samari da 'yan mata sukan gaji da jira su tare ba ɗaurin aure, daga baya a sa su ƙarƙashin horo, a dakatar da su daga Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a domin tunawa da mutuwar Yesu. Iyayen da suka ɗora wannan nauyi suna da nasu kason laifin, ko da ba su aka tsayar a gaban jama'a ba.

Bayan aure, ƙa'idar da aka fi koya wa ma'aurata ita ce ta Afisawa 4:26, kada rana ta faɗi da fushi a zuciya. A aikace, a daidaita saɓani kafin sujadar dare, kuma uban da ya yi kuskure ya ce wa ɗansa "ka gafarce ni" da bakinsa.

Zama da dangi da maƙwabta

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, zuri'a ɗaya takan haɗa Kirista da Musulmi. Keɓewa domin Allah ba ta yanke zumunci: 1 Korantiyawa 7:12-14 ta ce mai bi kada ya rabu da abokin aurensa marar bi muddin ya yarda su zauna, Romawa 12:18 kuma ta ce a zauna lafiya da kowa iyakar iyawa. Shi ya sa ake zuwa suna, biki da ta'aziyyar juna. A wasu gidajen, in Kirsimeti ta zo, Musulmi ake kira ya yanka akuya ko kaji, domin in an kai wa maƙwabta shinkafa da nama su ci hankali kwance.