Waiwaye: ƙararrawar Mayun 1973 da yaƙi bai biyo bayanta ba

Tun bayan harin da Hamas ta kai wa Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023 ake ta muhawara kan yadda ƙasa mai idanu da kunnuwa ko'ina kamar Isra'ila za a shammace ta, wasu na cewa bayanan sirri ne suka yi ƙaranci. Tarihin yankin ya nuna cewa matsalar ta girmi wannan rana da shekaru hamsin.

Farkon labarin sananne ne. A 1967, cikin kwana shida, Isra'ila ta ƙwace Sinai daga Masar da tuddan Golan daga Siriya, daga nan aka gina hasashe a Isra'ila cewa Masar ba za ta sake ɗaura yaƙi ba sai ta mallaki jiragen da za su iya kai farmaki filayen jiragen Isra'ila, Siriya kuma ba za ta shiga ita kaɗai ba. Shugaban Masar Anwar Sadat ya kira 1971 shekarar yanke hukunci, ta wuce shiru, sannan ya sallami mashawartan sojan Sobiyet a Yulin 1972.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne bazarar 1973. Rahotanni sun zo cewa Masar za ta tsallaka mashigin Suez a watan Mayu, aka sa sojojin Isra'ila cikin shirin ko-ta-kwana har zuwa Agusta, aka kashe maƙudan kuɗi, alhali masu nazari sun ce da wuya a yi yaƙi. Ba a kuwa yi ba. Wannan dacewa ita ta zama tarko, domin daga ranar duk mai son buga ƙararrawa sai ya tuna kuɗin da aka ɓatar, tsohon hasashen kuma ya ƙara daraja daidai lokacin da ya daina aiki. Masar ta riga ta sauya dabara, burinta ya koma tsallaka ruwa da kama 'yan kilomitoci a ƙarƙashin kariyar makamai masu linzami na kakkaɓo jirage, shirin da ba ya buƙatar jiragen da ake jira ta samu.

Saboda haka da kaka ta yi, kowace alama sai ta sami fassara mai kwantar da hankali. Taruwar dakaru a bakin mashigi aka ɗauke ta atisaye, jaridun Alƙahira ma suka ruwaito cewa an buɗe wa hafsoshi rajistar Umara. Gargaɗin yaƙi da Sarki Hussein na Jordan ya yi wa Isra'ila ranar 25 ga Satumba bai sauya lissafin ba. Ranar 6 ga Oktoba, 10 ga Ramadan, da misalin ƙarfe 2 na rana, sojojin Masar suka fara tsallakawa, suna fasa katangar yashi ta Bar Lev, shingen tsaron Isra'ila a bakin mashigin, da injinan feshin ruwa.