Darasin addini a makarantun gwamnati: a koyar, ko a bar wa iyaye?

Duk lokacin da aka taɓa manhajar karatu a Najeriya, darasin addini ne ke fara tayar da ƙura. Wasu na ganin gwamnati ba ta da hurumin shiga tsakanin yaro da Ubangijinsa, wasu kuma na ganin makarantar da ba a ambaton Allah a cikinta ba wurin kai ɗa ba ce. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu gwargwadon fahimtata.

Shin doka ta yarda a koyar da addini a makarantar gwamnati?

Ta yarda, amma da sharaɗi. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya da ta kowace jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Masu son a cire darasin a nan suke kafa hujja. Sai dai in ka ƙara gaba zuwa sashe na 38, ƙaramin sashe na 2, za ka tarar an ce ba za a tilasta wa ɗalibi ɗaukar darasin addini ko halartar wata ibada ba, muddin addinin ba nasa ba ne, ko iyayensa ko mai riƙonsa ba su amince da shi ba. Wanda ya rubuta wannan ya san da akwai darasin addini a makaranta, tilas kawai ya hana. Shi ya sa ake da darasin addinin Musulunci, wato IRK, ga ɗalibai Musulmi da darasin addinin Kirista, wato CRK, ga ɗalibai Kirista, kuma duka biyun ana rubuta su a jarrabawar WAEC da NECO.

Yaya aka yi addini ya shiga makarantar boko tun farko?

A Kudu, 'yan mishan ne suka kawo makarantar da kanta tun ƙarni na 19, don haka karatu da wa'azin Kirista tare suka zo. A Arewa labarin daban ne. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, shugabansu Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin Kano a 1909, sai da aka sa Larabci da karatun addini kafin hankalin iyaye ya ɗan kwanta. Duk da haka mutane da yawa ɓoye 'ya'yansu suka yi ta yi, don tsoron kada boko ya raba su da salla.

A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyi, sannan aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976. Nan ne yara masu addinai daban-daban suka cika aji ɗaya a ƙarƙashin gwamnati ɗaya. Ragowar wannan karɓewa har yau ba ta gama warwarewa ba: a 2021 sai da gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 a Ilori saboda rikicin hijabi, a makarantun da coci-coci suka kafa amma gwamnati ke biyan malamansu.

Me ya faru a 2017 da aka yi ta cewa an cire darasin addini?

Ba a cire ba, haɗe shi aka yi. Hukumar NERDC mai tsara manhaja ta ga darussan firamare da ƙaramar sakandare sun yi wa yara yawa, sai ta rage su. A sabon tsarin da ya fara aiki a 2014, zamanin Shugaba Jonathan, aka tattara darasin Musulunci da na Kirista da ilimin zaman jama'a da na zama ɗan ƙasa nagari da na tsaro a ƙarƙashin suna guda, wato addini da ɗabi'un ƙasa. A takarda kowane yaro zai ɗauki ɓangaren addininsa. A aji kuwa, inda littafi ɗaya ne kuma malami ɗaya ne, iyaye suka ji tsoron za a cusa wa 'ya'yansu abin da ba su yarda da shi ba. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta kai kuka wurin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo, Musulmi da dama ma haɗin bai yi musu daɗi ba. A watan Yulin 2017 Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya ba da umarnin a raba su, kowanne ya koma cin gashin kansa.

Abin da ya dame ni a wannan rikici shi ne yadda kowane ɓangare ya ɗauka makirci ne aka ƙulla masa, alhali dukkansu abu ɗaya suke tsoro.

Ga Islamiyya, ga makarantar allo, ga coci. Me zai hana a bar musu aikin, makaranta ta fuskanci lissafi da kimiyya?

Wannan hujja ce mai nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Yaron da ke zuwa Islamiyya kullum da yamma ya fi samun Alƙur'ani da fiƙihu a can nesa ba kusa ba, in aka gwada da darasi biyu ko uku na minti 35 ko 40 a mako. Kuma gaskiya ne akwai yaran da ke gama firamare ba su iya karanta jimla ɗaya ba, kowane minti yana da tsada.

Duk da haka ni ina ganin a bar darasin. Na farko, a ƙauyuka da yawa na Arewa har gobe akwai uban da ke ɗari-ɗari da boko. Ranar da ya ji an fitar da addini daga makarantar gwamnati, ya samu dalilin da yake nema na hana 'yarsa zuwa, a ƙasar da yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta. Gwamnatin Jonathan ma da ta so jawo almajirai, haɗa karatun Alƙur'ani da na boko ta yi a makarantun tsangaya na zamani, aka buɗe ta farko a Gagi cikin Sakkwato a 2012. Na biyu, ba kowane gida ne ke iya biyan kuɗin Islamiyya mai kyau ba. Na uku, darasin makaranta yana da manhaja a rubuce da kowa zai iya ɗauka ya duba. Abin da ake faɗa wa yaro a wani lungu, ko abin da yake kalla a waya, babu mai duba shi.

Sai dai kada mu yaudari kanmu cewa darasin shi zai gyara tarbiyya. An shekara da shekaru ana koyar da shi, satar amsa a jarrabawa ba ta ragu don haka ba. Yaro ya fi koyon gaskiya daga malamin da ke zuwa aji kan lokaci.

Sauran ƙasashe yaya suke yi?

Kowa da tarihinsa. Faransa ta fitar da darasin addini daga makarantun firamare na gwamnati a 1882, amma ta bar wa yara rana guda a mako don iyaye su kai su inda za su koya. Yankin Alsas da Mosel, wanda ke hannun Jamus a lokacin, har yanzu ana koyarwa a can. Maƙwabciyarmu Nijar ta gaji tsarin Faransa, sai dai ta buɗe wata ƙofa: makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci, waɗanda ta farkonsu aka kafa a garin Say a 1957. A Amurka, Kotun Ƙoli ta hana addu'ar hukuma a makarantun gwamnati a 1962, ta hana karanta Baibul a matsayin ibada a 1963, amma ta bar damar nazarin addini a matsayin ilimi. Ingila ta wajabta darasin tun dokar ilimi ta 1944, tare da bai wa iyaye ikon cire ɗansu. Jamus kuwa cikin tsarin mulkinta ta sa shi, kuma yaro na kai shekara 14 shi ke zaɓar wa kansa.

To idan doka ta fito fili haka, ina matsalar take?

Matsalar tana wurin yaron da addininsa ke da ƙarancin mabiya a garin da yake, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya.

Ɗauki yarinya Kirista, Bahaushiya, a wani ƙauye na ƙasar Kano ko Katsina. Makarantarsu ba ta da malamin CRK. In lokacin darasin addini ya yi, ko ta zauna ta saurari na Musulunci, ko ta fita ta tsaya a gindin bishiya ita kaɗai. Ɗauki kuma ɗan Bahaushe mai sayar da albasa ko shanu a wani gari na Kudu maso Gabas ko Neja Delta. Babu malamin IRK, taron safe ana buɗe shi da waƙoƙin coci, jarrabawa kuma CRK kaɗai ake rubutawa. Shugabannin Kirista a Arewa sun daɗe suna kukan ba a ɗaukar musu malamai, ƙungiyoyin Musulmi a Kudu su ma kukansu ke nan. Kowa kuma nasa kaɗai yake ji.

Jami'an ilimi kan ce yaran ba su da yawan da za a ɗaukar musu malami. Wannan uzuri bai gamsar da ni ba. Ana iya ɗaukar malami ɗaya ya riƙa zagaya makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna. Ana iya haɗa yaran azuzuwa daban-daban a awa guda. Inda hakan duk ya gagara, a ba yaron wani aiki mai amfani a wuri mai mutunci, kuma kada rashin darasin ya taɓa sakamakonsa. Kuɗin da ake biyan malamin addinin masu rinjaye, har da harajin uban wancan yaron a ciki.

Mu Musulmi muna karanta aya ta 256 a Suratul Baƙara cewa babu tilas a cikin addini. Wanda ransa ya ɓaci don an sa ɗan Musulmi rera waƙar coci a Kudu, wajibi ne ransa ya ɓaci in an sa 'yar Kirista haddar abin da ba ta yi imani da shi ba a garinsa. Hedimastan da ya kare yarinyar nan, addininsa ne ya yi wa kariya.

A cikin Musulmin ma ai akwai saɓani. Wace fahimta za a koyar?

Tambaya ce da ake kauce mata. A aji ɗaya akwai ɗan gidan Izala, ɗan gidan Tijjaniyya ko Ƙadiriyya, da ɗan gidan Shi'a. Manhajar kanta ta tsaya kan abin da aka haɗu a kai: Alƙur'ani, hadisi, tauhidi, tsarki da salla da azumi, tarihin Annabi (SAW) da sahabbai, da tarihin Musulunci a Afirka ta Yamma har da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ɓarnar tana zuwa ne idan malami ya mayar da allo mumbarin ƙungiyarsa, ya gaya wa yaro ɗan shekara 10 cewa mahaifinsa ɗan bidi'a ne saboda Maulidi, ko sallarsa ba ta yi ba saboda sakin hannu ko kama shi. Yaron zai koma gida da ruɗani, uban kuma ya daina yarda da makaranta. Kiristoci ma suna da irin wannan tsakanin Katolika da ECWA da sababbin coci-coci.

Maganinsa horo ne da sa ido. Malamin addini ya zama yana da takardar shaidar malanta ta NCE kamar kowane malami, kuma masu duba makarantu su riƙa shiga ajinsa yadda suke shiga ajin lissafi. Kada a miƙa darasin ga duk wanda ya fi kowa tsawon gemu ko wanda ba a samar wa wani darasi ba.

Laifi ne yaro ya san wani abu game da addinin maƙwabcinsa?

Koyar da yaro ya yi ibadar wani daban, sanar da shi abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi daban. Na farkon doka ta hana. Na biyun, a garuruwa irin su Kaduna da Jos da Tafawa Ɓalewa da suka ɗanɗana rikicin addini, ina ganin akwai buƙatarsa. A babbar sakandare, cikin darasin tarihi ko na zaman jama'a, da sanin iyaye, ana iya gaya wa ɗalibi dalilin da ya sa abokinsa ke azumin Ramadan ko yake bikin Ista, ba tare da an ce masa ya yarda ba.

Uban da aka tilasta wa ɗansa darasin da ba na addininsa ba, me zai yi?

Ya fara da hedimasta ko shugaban makaranta, cikin lumana, ya kuma ajiye ƙorafin a rubuce yana ambaton sashe na 38. In ba a saurare shi ba, ya kai maganar taron iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta na unguwa, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, ko ma'aikatar ilimi ta jiha. Bayan wannan akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, akwai kuma kotu. Hanyar kotu tana da tsawo: shari'ar hijabi a makarantun gwamnatin Legas ta fara tun 2013, sai a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sanya shi. Shi ya sa ya fi sauƙi iyaye da yawa su haɗu su nemi a turo malami, kuma in an samu limami da fasto sun sa hannu a takarda ɗaya, da wuya jami'i ya jefa ta a aljihun tebur.