Sarewar Barok ba gurguwa ba ce

An daɗe ana cewa sarewar katako ta Turai ta zamanin Barok (wani zamanin kiɗa, daga wajen 1600 zuwa 1750), wadda ake busawa a gicciye, ba ta iya daidaita sauti. Ba haka abin yake ba. Ramuka shida gare ta da maɓalli ɗaya, cikinta yana tsukewa zuwa ƙasa. Ta Faransa ta wajen 1700 gaɓa uku ce, mai kaurin murya. Daga wajen 1720 aka koma gaɓa huɗu, ana sauya ta sama cikin biyun tsakiya gwargwadon tsayin sautin kowane gari.

Sautin F (Turawa da haruffa suke kiran matakan sauti) kan fito a dushe, domin ana toshe ramuka a tsallake. Masu tsara kiɗan lokacin sun san haka, suna neman wannan taushin da gangan. Ku saurari busa a D, sannan a F, za ku ji bambancin. A tura wa masu sha'awar kiɗa.