Bulala da mari ba sa gyara halin mai lalurar ƙwaƙwalwa

An daɗe ana cewa idan mai galahanga ko naƙasar ƙwaƙwalwa yana ihu, yana cizo ko buga kansa da bango, taurin kai ne, maganinsa bulala ko mari a ƙafa. Masu faɗin haka galibi iyaye ne da masu jinya da suka gaji, ba mugaye ba.

Irin wannan hali yawanci saƙo ne daga wanda bakinsa ya kasa faɗi: ciwon haƙori, yunwa, ko hayaniyar da ta yi masa yawa. Tun shekarun 1980 masana a Amurka suka gina kulawa a kan haka: a gano dalilin, a gyara yanayin, a koya masa wata hanyar roƙo, ko da nuna hoton kofin ruwa ne. Duka kan tsayar da shi na ɗan lokaci, amma dalilin na nan, ga tsoro ya ƙaru.

Ku gwada da kanku. Ku yi mako biyu kuna rubuta abin da ya faru kafin halin da abin da ya biyo baya, sau da yawa sai musabbabin ya fito fili. In halin ya zo farat ɗaya, a fara da likita.

In cibiyar kulawa ce, ku tambaya: an horar da ma'aikatan? Mutum nawa kowannensu ke riƙe da su? Hukuma na zuwa dubawa? Inda ma'aikata ke yawan barin aiki, babu mai daɗewa har ya san alamomin wanda yake kula da shi.

Don Allah ku tura wa iyaye da masu jinya wannan bayani.