Kare jarirai da ƙananan yara daga zafin bazara

Zafin bazara na daga cikin abubuwan da ke jefa jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 5 cikin haɗari a ƙasashen Sahel. Daga Maris zuwa Mayu, kafin damina ta faɗi, ma'aunin zafi a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40 da rana. Jikin jariri ya fi na babba saurin ɗumama da saurin rasa ruwa, gumi bai gama daidaita masa zafin jiki ba, kuma ba shi da bakin cewa yana jin ƙishirwa.

Nono da ruwa

A nan ne al'ada da shawarar likitoci suka fi saɓawa. Iyaye mata da kakanni da yawa suna ganin mugunta ce a hana jinjiri ruwa a wannan zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta tsaya kan cewa jaririn da bai cika wata 6 ba nonon uwa zalla ya ishe shi, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon ruwa ne. Ruwan da aka ɗura masa yakan cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, idan kuma ba mai tsabta ba ne ya jawo gudawa, wadda ke ƙara zuƙe shi. Abin yi shi ne a yawaita ba shi mama dare da rana, ita kuma uwar ta sha ruwa sosai. Bayan wata 6 sai a riƙa ba shi tafasasshen ruwan da ya huce, kaɗan-kaɗan, tare da nono.

Tufafi, goyo da ɗaki

Ana yawan naɗe sabon jariri da shawul, hula da safa ko a tsakiyar Afrilu, don tsoron kada sanyi ya kama shi. A bazara riga guda ta auduga mara nauyi ta wadatar. Goyo ma yana da nasa haɗarin: yaro na manne da bayan uwa, zani ya ɗaure shi, ga hijabi mai kauri ya lulluɓe kansa, iska ba ta shiga ta ko'ina. Gara a bar kansa a waje ƙarƙashin laima, a kuma guji fita da tsakar rana.

Ɗakin rufin kwano marar silin yakan riƙe zafi har bayan magariba, shi ya sa kwana a tsakar gida cikin gidan sauro ya fi. Wanka da ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, ko goge wuya da hammata da jiƙaƙƙen tsumma, yana sauke zafi kuma yana rage ƙurajen zafi. Mota a rufe takan ɗauki zafi mai kisa cikin 'yan mintuna, ba a barin yaro a ciki ko da an sassauta gilashi.

Alamomin haɗari

Raguwar fitsari ko ya yi duhu, bushewar leɓe, kuka ba hawaye, zurmawar idanu da faɗawar maɗiga duk alamun ƙarancin ruwa ne a jiki. Shafa magani a maɗiga ba ya mayar da ruwan da ya tafi. Ga yaron da ke gudawa ana narkar da ƙunshi ɗaya na garin haɗa ruwan gishiri da sukari (ORS) a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi, a kuma ci gaba da shayarwa.

Idan yaro ya ƙi kama mama, ya yi laƙwas, ko ya fara jijjiga, sai asibiti nan take. Haka ma jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38. Bazara lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, kuma farkon alamunsu yakan yi kama da na bugun zafi.